Injiniya Ya Toshe wa Kanti Hanci

Ranar da Alhaji Ziyad ya buɗe sabon kantinsa, watan Afrilu ne, rana ta take tun hantsi. Ko akuya ba ta yarda ta tsallaka titi a Garwa ba.

Alhaji mutum ne mai hangen nesa. Kwana tara ya yi a Dubai, ya dawo da ilimin da mu ba mu samu ba cikin shekara saba'in. Tun daga nan ake ce masa Injiniya, shi kuma bai hana ba.

Kantin na kakansa ne, cikin tsofaffin kantunan hanyar bakin Binuwai. Bango mai kauri, rufi can sama, ga ƙananan kafofi jere ƙarƙashin rufin, ta nan zafi ke fita. A gaba akwai baranda mai ginshiƙi shida. Nan Mama Georgette ta shekara talatin tana sayar da albasa. Inuwar nan ce jarinta, don albasa ba ta shiri da rana.

"Waɗannan ramukan jemagu ne," in ji Injiniya. "Mutanen da ba su waye ba." Ya sa aka toshe su da siminti. Ya rushe baranda, ya kafa gilashi daga ƙasa har sama, ya kawo na'urar sanyi huɗu.

Mama Georgette ta ce, "Alhaji, ka toshe wa gida hanci, ta ina zai yi numfashi?"

"Madam, gini ba saniya ba ne. Kwashe albasarki, tana ɓata mini gaban kanti."

Sai da buhu biyu suka ruɓe mata kafin ta samu wuri ƙarƙashin darbejiyar tsallaken titi.

Ranar buki manyan gari suka cika kantin, kowa da babbar riga. Injiniya ya gyara murya: "Daga yau Garwa ta yi bankwana da zafi." Sai aka ɗauke wuta, kamar kullum. Gilashin kuwa ba irin wanda ake buɗewa ba ne. Baƙi suka yi haƙuri iyakar ƙoƙarinsu, sannan ɗaya bayan ɗaya suka sulale zuwa gindin darbejiya suna fifita da huluna. Injiniya bai karaya ba, ya ƙarasa jawabinsa ga kwalaben turare. In an ƙi ji, ai ba a ƙi gani ba.

Kantin yana nan da gilashinsa, a kulle daga hantsi zuwa la'asar. Injiniya yana tsallaken titi, a kan benci. Mama Georgette ta ba shi wuri bayan buhunan albasa, don kada ya ɓata mata gaban rumfa.