Wasiƙar Kusan-Fada

Duk cocin nan babu wanda ya san hanyar sama kamar Kusan-Fada. Shekara talatin da suka wuce ya yi wata goma sha ɗaya a makarantar horar da fada, wato limaman coci, aka sallame shi bisa wani dalili da ya ce hassada ce tsagwaronta. Tun daga nan yake sa farar riga mai maɓalli har wuya, yana tafiya hannu a baya, kai a karkace, kamar mai karɓar saƙon da kunnuwanmu ba sa ji.

A hannun wannan bawan Allah wata tela ta faɗa. Tana da shagonta da keken ɗinki biyu, amma ta daɗe tana jin kamar Ubangiji na kiranta ta zama Sista, irin matan da ke barin aure su ba da rayuwarsu ga coci. Gidan sistoci suka ce sai ta sami jagora na ruhaniya, wanda zai yi wata shida yana sauraronta, sannan ya rubuto abin da ya ji daga bakinta. Sau ɗaya suke ɗaukar mutane a shekara. Fadan cocinsu kuwa coci tara ne a kansa, ba shi da lokaci. Tana cikin roƙonsa a bakin ƙofa Kusan-Fada ya jiyo, ya kutso kai.

"'Yata, kin taki sa'a. Bishop da kansa sau biyu yana neman shawarata, sau ɗaya ma a kan fanka."

Ofishinsa ɗakin ajiye kujeru ne a bayan coci. Shi ya hakimce a kujera mai hannu da ake ajiye wa manyan baƙi, ita ta zauna a bencin yara. Tambaya ɗaya ta kawo, ita ce ke hana ta sakat: wani lokaci in ta durƙusa addu'a ba ta jin komai, sai tunanin ɗinkin da ba ta ƙarasa ba. Mai kira na gaske yana jin haka?

"Baba, ni abin da ke damuna..."

"Madalla! Shiru shi ne matakin farko. A makaranta da shiru aka san ni."

Ya yi awa biyu yana bayani a kan shiru. Asabar ta gaba ya ɗauko tawali'u, ya ce a wannan fanni har yau bai ga na biyunsa ba. A wata na uku ta fara zuwa da allura da zare, ya yaba mata da natsuwa, ya kuma kawo mata rigunansa ta gyara maɓallai. Tambayarta na nan a maƙogwaro, kullum da ita take komawa gida.

Ranar kai wasiƙa ya ce dole ya raka ta, don babbar Sista za ta so su gana. Aka ba shi kujera a baranda, aka shigar da tela.

Babbar Sista tsohuwa ce gajeriya, an ɗaure hannun tabaranta da zare. Ta karanta wasiƙar Kusan-Fada, shafi huɗu. Yarintarsa na ciki, da mafarkinsa, da maƙiyansa, da maganar fanka.

"'Yata, sunanki ba ya nan. Sau ɗaya ya ce 'yarinyar nan mai wanki'. Ke ce?"

"Ɗinki nake yi, Uwa."

"Me kika faɗa masa a wata shidan?"

"Ban samu na faɗi komai ba."

"To faɗa mini."

Ta faɗa. Tsohuwar ta bari sai da ta kai aya, sannan ta ce, "Shekarata arba'in a gidan nan. Jiya ana tsakiyar addu'ar Misa tunanin tukunyar da na bari a wuta nake yi." Tela ta fashe da kuka, rabi daɗi rabi takaici.

"Ɗaukar bana ta wuce ki, ba zan ɓoye miki ba. Amma ki riƙa zuwa duk Asabar, ni zan saurare ki." Ta yagi takarda ta yi rubutu layi biyu, ta ninke. "Ba wa jagoranki."

A baranda Kusan-Fada ya riga ya tara sistoci uku, yana koya musu yadda ake riƙe carbi. Ya karɓi takardar, ya gyara murya, ya ce kowa ya matso ya ji yadda manya ke rubuta wa manya. Ya karanta da ƙarfi:

"Mun karanta wasiƙarka, mun gamsu ƙwarai da kiranka. Sai dai ka yi haƙuri, gidan nan ba ma ɗaukar maza."