Ranar da Na Kori Dangin Ango da Turaren Wuta

Ba zan taɓa mantawa da yammacin nan ba, kuma ko na so mantawar, Anti Samira ba za ta bar ni ba. A iya karance-karancen da na yi, na lura ba maƙiya ne suka fi rusa manyan al'amura a duniya ba, masu kyakkyawar niyya ne waɗanda ba wanda ya sa su aiki. Ni ma na shiga sahunsu a birnin Jidda, da kasko ɗaya da garwashi uku.

Wata huɗu ke nan da zuwana a lokacin. Na ajiye alli a wata firamare a Zariya na zo Aziziyya, gidan Anti Samira, Bahaushiya haifaffiyar Jidda wadda Hausarta ke yin taku biyu ta jingina da Larabci. Aikina kula da 'ya'yanta mata biyu, Lujain da Rima. In shirya su makaranta, in duba musu Turanci, in kuma cusa musu Hausa, domin kakarsu Hajiya ta rantse ba za ta bar duniya da jikokin da ba su iya ce mata ina kwana ba. Ɗakina daban, iƙamata, wato takardar izinin zama, a hannu, tare muke cin abinci, ranar Juma'a a tafi da ni bakin teku. Daɗin zaman ne ma ya sa na fara jin kaina 'yar gida. Har doka na kafa wa yaran, irin ta malamar da ta yarda da kanta: duk wadda ta yi min magana da Larabci, ban ji ba.

To, Anti Samira tana da ƙanwa, Huda, kuma Huda tana da wanda take so, Faisal. Ranar da nake ba ku labari ita ce ranar da mahaifiyarsa da ƙannenta biyu za su zo ganin yarinya a karon farko. Larabawa ne 'yan asalin wajen Riyad, kuma an ce Ummu Faisal, wato uwar tasa, ba ta yarda a karya al'ada ko da wasa. In ta fita gidan nan da murmushi, akwai aure. In ta fita a ɗaure, shi ke nan. Huda kwana uku tana juya cokali a faranti ba ta kai shi baki.

Umarnin da aka ba ni bai da wuyar fahimta. Anti Samira ta ce, "Malama, ke dai ki riƙe min yaran nan a ɗaki, halas. Kar su fito sai na kira."

Na ce, "An gama, Anti."

Ba a gama ba. Bayan magariba baƙi suka iso, ni kuma na buɗe ƙofar ɗaki kaɗan (don iska, ba don gulma ba). Daga nan nake hango Anti Samira tana zuba gahawa a 'yan finjalan nan nasu, kuma abin da take zubawa bai kai ya jiƙa harshe ba, ɗan ɗigo ne a gindin kofi. Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, wannan wace irin rowa ce a gaban surukai? A Zariya in ka ba baƙo rabin kofi, sai unguwa ta ji. Ana cikin haka wayarta ta yi ƙara, mai kawo abinci ya ɓace hanya, ta ajiye butar ta sauka ƙasa tana yi masa kwatance. Huda na zaune kai a sunkuye, Hajiya kuma gwiwa ta hana ta tashi da sauri. Sai na ga dama ta samu da zan wanke gidan nan daga zargi.

Na gyara mayafi, na fito da sallama, na ɗauki buta. Na cika wa Ummu Faisal finjalinta fal, har sai da gahawa ta taɓa mata yatsa. Na cika wa ƙannenta. Matar ta dubi kofi, ta dubi ƙanwarta, ta dube ni. Ni kuwa na karanta kallon nan a matsayin godiyar wadda aka daɗe ana zalunta. Hajiya ta yi gyaran murya sau biyu, na ɗauka mura ce.

Da na tsaya nan, da an ce kuskure ne. Amma nasara tana da zaƙi. Na tuna ina da turaren wuta a akwati, haɗin wata goggona ta Maiduguri, wanda na yi ta ɓoyo ina jiran ranar da ta cancanta. Na shiga kicin na hura garwashi, na barbaɗa, hayaƙi ya tashi. Zan fita ke nan Lujain, mai shekara bakwai, ta riƙe min zane.

"Abla, la'! Mu dahin!" Wato Malama, a'a, ba yanzu ba. Na gane sarai.

Na ce, "Da Hausa."

Ta zaro ido tana lalube. "Abla... wuta... a'a..."

"Ki haɗa cikakkiyar jimla, Lujain, sannan in saurare ki."

Ban san ko akwai malamar da ta taɓa samun gaskiya tsagwaronta daga bakin ɗaliba ta mayar mata don ba a tsara ta da kyau ba. In akwai, ina gaishe ta.

Na shiga falo da kaskona ina zagayawa. Kowace ta jawo hayaƙin da hannu zuwa mayafinta. Huda ta ɗago, fuskarta kamar an tsame ta daga ruwa. Sai Ummu Faisal ta ajiye finjalin da ba ta kurɓa ba, ta miƙe tsaye, ta jawo abayarta ta zura. Ƙannenta ma suka miƙe.

Ku yi min adalci a nan. A garinmu, mace in ta miƙe tsaye a gaban kaskon turare, abu ɗaya take nufi. Na ce a raina, yauwa, ga wadda ta san darajar kaya. Na durƙusa a gabanta, na ɗaga bakin abayarta, na tura kaskon tsakanin ƙafafunta, na kuma kama gefen rigar da hannu biyu na rufe don kada hayaƙi ya tsere. Na ɗaga kai na ba ta kalmar Larabcin da na fi iyawa: "Tafaddali," wato bismillah.

A haka Anti Samira ta shigo ta same mu. Uwar ango a sandare, hayaƙi na fita ta wuyan rigarta, ni a durƙushe ina tsare da ita.

"Inna lillahi! Malama, me kika yi?" Ta matso tana murmushi ga baƙi, tana yanka ni da Hausa ta tsakanin haƙora. "Finjali in an cika, ya'ani sha ki tafi. Turare kuma shi ne na ƙarshe, bayan an ci an sha, shi ne sallama. Ko abinci ba a shigo da shi ba kin kore su sau biyu!"

Na so in janye kaskon, na ga janyewar ma wani sabon shiga ne ƙarƙashin rigar mutane.

Hajiya ce ta cece mu. Ta fashe da dariya har da buga cinya, ta dafa kujera ta miƙe da gwiwar nan tata, ta jawo kaskon ta tsaya a kansa da kanta, ta baza riga. Ta yi ta zuba Larabci tana nuna ni. Daga baya aka fassara min: wai a ƙasar iyayenta, baƙon da ba a so ya tafi shi ake yi wa haka, kuma yarinyar nan malama ce, ta karanta littattafai da yawa, shi ya sa ba ta jin magana. Ummu Faisal ta kai hannun rigarta hanci ta shinshina. Ta sake shinshinawa. Sannan ta tambayi wane itace ne wannan, ta cire abaya, ta zauna.

Hajiya ta dube ni ta ce, "Tashi 'yar nan, kin yi ƙoƙari. Je ki huta haka, kar ki ƙara mana wani alherin."

Na koma ɗaki. Lujain na zaune bakin gado, ta haɗa jimlarta tsaf tana jirana: "Abla, na ce kar ki kai." Ba kuskure ko ɗaya a ciki.

Kwana huɗu Huda ba ta amsa gaisuwata ba, kuma ban ga laifinta ba. A na biyar saƙo ya zo daga gidan su Faisal: sun amince, kuma uwar tana tambaya ko akwai sauran turaren. Na miƙa kwalbar gaba ɗaya. Huda ta rungume ni tana kuka tana ce min mahaukaciya da harsuna biyu.

Abin da na koya shi ne, karamci ma yana da ƙasarsa, kuma in ka ga mutanen gida suna yin abu kaɗan-kaɗan, ka tambaya kafin ka cika musu. Na kan ce wa kaina, duk da haka, da hannuna a cikin auren nan, kuma an ce bikin ya yi kyau ƙwarai. Ban je ba. Ni aka bari a gida da yara.