Tambarin Giwa Biyu

Duk Gusau, daga tashar jirgin ƙasa har bakin tsohuwar kasuwa, in aka ce Tanimu Mai Agogo ba a tambayar wanne. Ni ne. Kuma an zalunce ni, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Yayan matata Tabawa, Alhaji Barau, mutum ne mai tara tsofaffin kaya. Da suka yi masa yawa ya gina musu ɗaki guda, ya ce yana neman mai kula da shi: kujera mai juyawa, fanka, ga suna a jikin ƙofa. Wa ya dace da wannan kujera in ba ni ba? Amma Alhaji ya ce sai wanda ya kawo abin tarihi na gaske, ya yi bayaninsa gaban jama'a.

To, baki dai Allah ya ba ni. Abin tarihin ne babu.

Na ɗauki wani mataccen injin agogon aljihu na nufi wurin Cindo maƙeri. Na zaro tasar tagulla daga ƙarƙashin riga.

"Cindo, gida za ka ƙera wa injin nan. Murfi biyu, na waje da na ciki. Ka buga giwaye biyu a baya."

Ya jujjuya tasar. "Malam Tanimu, wannan ba ta ɗakin Tabawa ba ce?"

"Aronta na yi."

"Ta sani?"

"Kai maƙeri ne ko alƙali?"

Da ya gama, na binne agogon a turken awaki kwana tara. Ya fito kore shar, yana warin shekara ɗari. A kwanakin nan Tabawa ta birkice gida tana neman tasarta. Ni ma na taya ta nema, har da leƙa rijiya.

Ranar Asabar da hantsi aka taru a ɗakin Alhaji. Na sha babbar riga, na karya hula. Cindo ma ya zo, ya rakuɓe a lungu. Ban damu ba, na riga na sa shi rantsuwa ba zai ce ni na kawo aikin ba.

Na ciro agogo da sarƙarsa, na bar shi yana lilo.

"Jama'a, jahili ya ɗauka mai inji shi ne mai gida. Ina! A da, wani ke ƙera inji, wani ke ƙera gidan, kowa da sunan kasuwancinsa. Akwai masu Zakara, akwai masu Tsani, akwai masu Kifi Uku, waɗanda ruwa ya ci masana'antarsu. Amma uban su duka shi ne Giwa Biyu, na gidan Holdiman da 'Yan'uwansa. Bakwai kacal suka ƙera. Shida suna hannun sarakunan Turai. Na bakwai wani direban jirgin ruwa ya ba kakana."

"Ikon Allah!" in ji wani.

"Wannan warin fa?" in ji wani kuma, yana toshe hanci.

"Warin teku ne. Ka taɓa zuwa teku?"

Na ga Alhaji yana gyaɗa kai, na ga kujerar nan tana yi mini murmushi. Da na tsaya nan, da yanzu ina shan fanka. Amma baki shi ke yanka wuya.

"Kuma ku sani," na ce, "tambarin waje kowane ɗan damfara zai iya bugawa. Maƙeran asali a bayan murfin ciki suke ɓoye gaskiyarsu."

"Madalla," in ji Alhaji. "Mu gani."

Ni ban taɓa buɗe murfin cikin nan ba. Na ce ai ya tsufa, kada ya karye. Alhaji ya sa farce. Ƙwas! Ya gyara tabarau, ya duba, ya sake dubawa.

"Tanimu."

"Na'am, Yaya Alhaji."

"Su Holdiman ɗin nan, sun san ƙanwata?"

"Wace... wace ƙanwa?"

Ya karanta da ƙarfi: "Tabawa, Allah ya ba da zaman lafiya." Ya ɗago kai. "Ni na sayi tasar nan ranar aurenku. Ni na sa aka zana wannan."

Ɗaki ya fashe da dariya, har wani ya faɗo daga benci. Na juya wurin Cindo, ido ya yi ja.

"Maci amana!"

"Ni ban ce uffan ba, Malam Tanimu. Amma a gidanmu tun kaka da kakanni ba a goge sunan amarya daga kwanonta, an ce aure ake kashewa. Sai na juyar da shi ciki. Aurenka na cece maka."

Kun ji fa! Har godiya yake jira.

Kujera dai Cindo aka ba, wai ya san aikin ƙarfe. Ni kuwa labari da agogon duk sun riga ni isa gida. Na tarar da Tabawa ta yi shimfiɗa, ta ajiye tuwo malmala uku, fuskarta wasai. Na ce to, mace ta gari, ta yafe.

"Ina miya?" na tambaya.

Ta tura mini gidan agogon nan a buɗe, an ɗiga kuka a ciki, ba ta kai cokali ɗaya ba.

"Ga ta nan a tasarka, Malam. Ci a hankali, kada ka tashi giwaye."