Ranar Da Na Ɗinka Wa Yaoundé Tuta

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗinka wa birnin Yaoundé tuta ba, kuma ko na so in manta, mutanen unguwarmu ta Briqueterie ba za su bar ni ba. Ni tela ne, surfani na fi ƙwarewa a kai, kuma ina da ciwo guda: bakina ba ya iya furta "ban sani ba". Ko hanyar garin da ban taɓa zuwa ba ka tambaye ni, sai na kwatanta maka har inda ake shan kwana.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya a lokacin shi ne surukina, Alhaji Garba. Tsohon tafinta ne, ya tsufa a ofisoshin gwamnati, Faransanci a bakinsa kamar ruwa, kuma kowa ya san ba ya ƙarya ko da wasa. Ya ba ni 'yarsa Ladidi, amma bai ɗauke ni a bakin komai ba. In na durƙusa gaishe shi sai ya ce, "Tela, yau kuma wa aka yi wa alkawarin gobe?" Ina yaƙe, amma wallahi abin yana yi mini ciwo. Burina a duniya in yi abin da tsohon nan zai dube ni ya ce lallai 'yarsa ta auri mutum.

Sai ga dama ta zo. Kowane dogon hutu unguwarmu tana shirya gasar ƙwallo, kuma a shekarar nan an gayyaci wani mataimakin magajin gari zuwa wasan ƙarshe. A taron kwamiti shugaba ya ce, "Tutar ƙasa muna da ita. To tunda baƙon na birni ne, ya kamata a ɗaga ta birni ma. Wa ya san yadda take?"

Aka rasa wanda ya sani. Ni kuwa shiru ba ya zaunuwa a jikina.

"Haba jama'a! A nan aka binne cibiyata, a ce ban san tutar garinmu ba? Ku bar mini."

(Ban taɓa ganinta ba. Ban ma san ko akwai ta ba.)

Na duba a waya, hotuna suka fito kala-kala, ban gane na gaske ba. Sai na ce to, ai kowa ya san Yaoundé birni ne mai duwatsu bakwai, me ya rage? Na yanko farar shadda mai faɗin gaske, na zana duwatsu bakwai da alli, na bi su da koren zare. Da na tsaya nan da sauƙi. Amma mai surfani ba ya ganin fili a jikin yadi ya ƙyale, hannunsa ƙaiƙayi yake yi. Na dasa dagi a tsakiya, na jera aska a gefe kamar gaban babbar riga, na kewaye ta da geza ruwan zinare.

Labari ya bazu, shago ya zama kasuwa. Masu soya, wato masu tsire, suka zo suka ce duk wanda ya san Briqueterie da ƙamshin namansu ya san ta, a sa musu tsinke. Na sa biyu, a gicciye. Mahautan unguwar Etoudi suka ji, suka aiko cewa in babu shanu, ina za a samo soyar? Na ɗinka musu sa mai tozo, yana tsaye a kan dutse na huɗu. Masu moto, wato 'yan acaɓa, su ne kawai na ba haƙuri, don wuri ya ƙare.

Ladidi ta leƙo ta daɗe tana kallo, ta ce, "Maigida, tsakaninka da Allah, ka taɓa ganin tutar nan?"

Na ce, "Shi wanda ya ɗinka ta farko, ganinta ya yi?"

Ta ce, "Allah ya kyauta," ta yi tafiyarta.

Ranar wasa fili ya cika maƙil. Na sha babbar riga ta sha sitaci, na kafa hula. Abin da ya ƙara mini daɗi, Alhaji Garba aka roƙa ya fassara wa dattawa jawabin baƙo, yana zaune a sahun gaba. Aka ɗaga tutar ƙasa. Aka ɗaga tawa a gefenta, ta ninka ta girma, geza tana walƙiya. Masu soya suka kaure da ihu, ni kuwa kaina ya kusa fasa hula.

Baƙon ya ɗaga kai. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Sannan ya karɓi lasifika ya ce, "Qui a fait ça?" wato wa ya yi wannan.

Jama'a, ni a zatona kyauta za a ba ni! Na yi wuf na miƙe, "C'est moi, Monsieur le Maire!" wato ni ne, ranka ya daɗe. Na ratsa tsakiyar fili ina saɓa hannun riga, ina ɗaga wa mutane hannu hagu da dama. Har na ɗan rage sauri a gaban surukina don ya gan ni da kyau.

Baƙon ya tambaye ni da Faransanci, tutar ina ce wannan. Na ce ta birni, ranka ya daɗe. Ya ce wane birni? Na ce wannan da muke ciki. A nan ne na lura babu alamar dariya a fuskarsa.

Ya juya ga jama'a ya yi bayani dalla-dalla. Ya ce tutar birni ba kwalliya ba ce. Sai majalisa ta zauna ta amince, an rubuta launinta da awonta a takarda, hukuma ta sa hannu, sannan ta zama tuta. Ya ce ba kowa ke tashi da keken ɗinkinsa ya yi wa birni alama ba, balle ya kafa ta kusa da ta ƙasa har ta fi ta girma, kuma da a wani wuri ne da sai na yi wa 'yan sanda bayani. Sannan ya nuna sama ya ce, "Shi kuma wannan san, wa yake wakilta?"

Wani mahauci ya ɗaga murya daga baya, "Mu ne!"

Fili ya ɗauki shewa. Gumi ya jiƙa sitacin rigata, na yi fatan ƙasa ta tsage. Amma ba a gama da ni ba, don sai aka miƙa wa Alhaji Garba lasifika ya fassara. Na ce shi ke nan, yau zan sha zagi sau biyu, na biyun daga bakin surukina.

Ya yi gyaran murya ya ce, "Jama'a, baƙonmu ya ce bai taɓa ganin surfani mai kyan wannan ba. Sai dai ya ce a sauke ta a adana, kada rana ta kashe zaren."

Kai! A Briqueterie fa, inda har kakanni suke ciniki da Faransanci! Wata tsohuwa ta ce, "Alhaji, ji tsoron Allah, ba haka ya ce ba!" Dariya ta sake ɓarkewa, har baƙon sai da ya murmusa bayan an raɗa masa. Da hannuna na sauke tutar, na naɗe ta a hammata, na bi ta bayan raga na sulale.

Washegari na ja ƙafa na je gaishe shi, kaina a ƙasa. Na ce, "Baba, a gafarce ni, na jawo maka magana."

Ya ce, "Tun da nake tafinta ban taɓa sauya maganar mutum ba sai jiya. Wauta kam ka tafka ta, ba ƙarama ba. Amma ba za a wanke ɗana a bainar jama'a in kuma maimaita da bakina ba."

Ɗana ya ce. Hawaye suka zo mini, ga kunya ga daɗi.

Darasin da na koya kuwa ba mai tsawo ba ne. In ka ji babban mutum ya tambayi wa ya yi abu, ka fara duban fuskarsa kafin ka ce kai ne.