Ranar da Na Ciyar da Mai Girma Fuka-fukai

Jama'a, jiya Laraba na tafka abin da ko maƙiyina ba na yi wa fatansa. Na ajiye wa babban mutum, baƙo daga gida, faranti cike da fuka-fukan kaji. Fuka-fukai zalla, babu cinya, babu ƙirji, ƙundu kuwa ko ƙamshinsa. Kafin ku fara salati kuna cewa Salmanu ya daɗe a Faransa har tarbiyyarsa ta zube a metro, jirginsu na ƙarƙashin ƙasa, ku tsaya ku ji yadda aka yi.

Matata Sabuwa tana da ƙane a Damagaram, sunansa Nouhou. Ya yi karatun likitan dabbobi, ya fito da diplom, takardar shaida mai kyau, amma tun da ya gama, dabbar da yake dubawa ita ce akuyar tsohuwarsu. Maganar aurensa ta tsaya, iyayen yarinya sun ce ba za su ba da 'yarsu ga mai zaman dakali ba. Abin da ya rage masa a duniya shi ne babban projen nan, wato aikin gwamnati na kiwon kaji, da aka yi mana alkawari tun ina da gashi a kaina. An yi bikin aza tubalinsa har na daina ƙirgawa. Kowane biki sai an bi ƙauyuka an kwaso kajin talakawa an soya wa manyan baƙi, shi kuwa projen har yau ko ɗan tsako bai ƙyanƙyashe ba. To an ce bana za a ɗauki ma'aikata, kuma mai ɗaukar shi ne baƙona na jiya. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, ina da dangi a gida. Mu kira shi Mai Girma Uban Kajin Ƙasa, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi.

Mai Girma ya zo Paris misiyo, wato ziyarar aiki, da tawagarsa, wai su koyo yadda Nasara suke kiwon kaji. Maƙwabcina a nan unguwarmu La Guillotière ta garin Lyon, Malam Isufu, ɗan'uwansa ne ke tuƙa su, don haka labarinsu da zafinsa nake samu a bakin matakala.

Na ce, "Malam Isufu, sun je gonar kuwa?"

Ya ce, "Gona? Cikin wannan sanyi? An dai shirya kai su Rungis da asuba su ga babbar kasuwar abinci, direba ya yi ta jira a ƙofar otel har rana ta fito. Amma Barbès, unguwar shaguna, kam, wallahi babu shagon da bai san fuskarsu ba. Akwatuna sai da aka ƙaro mota."

Na ce, "To ai shi ma karatu ne. Wa ya sani ko kajin namu za su buƙaci takalma da turare."

Can gida mutane na tura babura cikin layin esansi, wato man fetur, daga safe har la'asar, a nan bayin Allah suna wahalar zaɓen agogo saboda mu. Wannan sadaukarwa, sai dai Allah ya biya.

Sabuwa ta daɗe tana bin hanyar da za ta kai ga mutumin nan. Ta bi ta wani kawunta, kawun ya bi ta surukinsa, har dai Mai Girma ya yarda zai leƙo Lyon ranar Lahadi ya ci tuwonmu. Ta yi magana da mahaucin unguwa ya ajiye mata kaji manya, ta fito da kukar da take ɓoyo da daddawa da man shanu. Ta ce mini, "Baban Hamdiya, kai dai naka gaisuwa. In ya ci ya ƙoshi, ni zan kawo maganar Nouhou."

Sai ga waya jiya da hantsi. Mai riƙe wa Mai Girma jaka ne, ko gaisuwar kirki babu. "Muna tashar jirgin ƙasa ta garinku. Ekselansi ya ce Lahadi yana da taro mai muhimmanci, yau zai zo." Taron kuwa, Malam Isufu ya gaya mini, rangwamen kaya ne za a fara a manyan kantuna.

Sabuwa tana wurin aiki, gidan kula da tsofaffi, wayarta na kulle a akwatin ma'aikata sai yamma. Ni da yara ne a gida, Laraba ba su da lekol, makarantarsu hutu take. Na buɗe firigo, na'urar sanyaya abinci, na rufe, na sake buɗewa ko Allah zai sa wani abu ya sauko. Babu komai sai ledoji biyu na fuka-fukan nan masu zuma da yajin gashi, a ɓangaren ƙanƙara, sun sandare kamar tsakuwa.

Bari in faɗi gaskiya a kan fuka-fukan nan, don sun fi manya da yawa cika alkawari. A shagon halal na bakin layin tram, jirgin cikin gari, nake sayen su. Ka yage leda, ka zube su a faranti, ka tura tanderun lantarki, kafin shinkafa ta tsotse sun yi ja suna ƙyalli. Babu fiɗa, babu figa, babu daka. Uwa tana aiki, uba ya dawo a gajiye, yara sun ci suna lasar yatsu. Abin da aka rubuta a ledar shi kake tararwa a ciki, ba a taɓa ce mini in dawo bayan zaɓe ba. Duk Laraba su ne abincin gidana, har na manta da cewa a wurinmu fiffike yana da matsayi.

Mai Girma ya shigo, babbar riga a kan kwat, turare ya riga shi hawa bene. Muka gaisa, ya gida, ya sanyi, ya mutanen Damagaram, ya gajiyar aikin ƙasa. Na shimfiɗa, na kawo shinkafa, na ɗora farantin fuka-fukai a tsakiya ina ta murmushi kamar wanda ya yanka rago.

Mai jaka ya zaro ido. Mai Girma ya dubi faranti, ya dubi ƙofar kicin, yana jiran sauran. Mai jaka ya jawo ni gefe.

"Malam Salmanu, lafiya kuwa? Ina cinyoyin? Ina ƙundun Ekselansi?"

Na dafe kai. Sai a lokacin na tuna. A gida in an yanka wa baƙo kaza, ƙundu da cinya nasa ne, shi ne girmansa. Fiffike da ƙafa da wuya, yara ake miƙa wa su je bayan ɗaki su gwigwiya. Ni kuwa na tara rabon yara na kaji ban san adadinsu ba, na tula a gaban mutumin da aikin Nouhou ke hannunsa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, haka ake sayar da su. Babu sauran."

Mai Girma ya gyara zama. "Kana nufin duk kajin nan sun mutu a gidanka, aka cinye namansu, ni aka ajiye mini abin tashinsu?"

"Wallahi ba a gidana suka mutu ba, ranka ya daɗe. Ni ban taɓa ganin fuskarsu ba. A leda suke zuwa."

"To cinyoyin suna ina?"

Kun ji fa. Uban Kajin Ƙasa guda, wanda aka biya wa jirgi da otel don ya zo ya gano sirrin kajin Nasara, ni yake tambaya. Na ce cinyoyi suna wata ledar, ƙirji yana wata, kowa ya ɗauki abin da yake so. 'Yata Hamdiya, da ba ta san ana tashin alƙiyama ba, ta leƙo ta ce, "Mais Baba, c'est le meilleur, ai shi ya fi daɗi, ka ce ya ci tun da zafi." Na harare ta, ta koma.

Ko yunwa ce, ko ƙamshi, Allah masani. Mai Girma ya ɗauki ɗaya da yatsu biyu kamar mai ɗaukar mataccen ɓera. Ya gatsa, ya yamutsa fuska. "Zuma a nama! Mutanen nan ba su da tsoron Allah." Ya ɗauki na biyu don ya tabbatar da rashin tsoron Allahn. Ya naɗe hannun riga. Kafin in kawo ruwa, ƙasusuwa sun taru a gabansa, zuma ta bi gemu, mai jaka yana ta haɗiyar yawu bai samu ko ɗaya ba. Rabon yarana na ranar ma ya bi.

Na ji sanyi a raina. Na ce Allah ya rufa asiri, ciki ya cika, yanzu sai maganar Nouhou.

Sai ya ce a kawo masa ledar. Na tono ta daga kwandon shara na goge. Ya juya gaba, ya juya baya, ya tambayi yadda ake dafawa, na gaya masa. Ya shiga kaɗa kai, irin kaɗawar da manya ke yi in za su cuci ƙasa.

Ya ce da mai jaka, "Ka gani? Wannan shi ne ci gaba. Mu muna can muna wahalar da kanmu da gina akurki, da sayen dusa, da allurar rigakafi, da albashin ma'aikata, ga shi mutane sun gama aikin sun sa a leda. Mi ya kai mu kiwo? Da mun koma za a sake wa projen fasali. Kwantena za mu riƙa shigowa da ita. Misiyon nan ta yi albarka."

Mai jaka ya ce, "Hangen nesa sai Ekselansi."

Na matso kusa da shi. Na daure na ce, "Ranka ya daɗe, dama akwai ƙanen maiɗakina, Nouhou, likitan dabbobi ne, yana jiran ɗaukar ma'aikatan nan..."

Ya ce, "Likita? Kajin da suka zo a daskare wace cuta za su yi? Ya iya gyaran firigo?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To ya koya. Matasanmu ba su son koyon sana'a, shi ne matsalar ƙasar nan." Ya miƙe, ya ninke ledar ya sa a aljihun babbar riga, ya ce in gaida Hajiya, tuwon sai wani zuwan.

Sabuwa ta dawo da magariba, ƙafafunta a kumbure. Ta shaƙi turaren da ya rage a falo, ta ga ƙasusuwa, ta dube ni.

"Ya zo?"

"Ya zo."

"Mi ka ba shi?"

Na nuna mata. Ta dafa bango. "Inna lillahi! Ya yi fushi ko?"

Na ce, "Ina ma fushin ya yi, Sabuwa. Daɗi ya ji."

Ina cikin ba ta labari wayarta ta yi ƙara ta katse, ta sake yi ta katse. Nouhou ne daga Damagaram, yana bip don a kira shi a yi masa albishir. Ta daɗe tana kallon sunansa, hawaye na zuba, sannan ta miƙo mini wayar ta ce, "Kai ka dafa, kai za ka gaya masa."

Har yanzu da nake wannan rubutu ban kira ba, kunya ta hana ni. In akwai mai karatu da ya san inda ake koyon gyaran firigo a Damagaram, don Allah ya taimaka wa likita. Wutar da za ta tada firigon kuwa kada ku damu, na ji an ce akwai wata tawagar da ke shirin zuwa Paris koyo.