Ƙofar Magdalena Ta Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, har da ƙyar ta bar wa ladabi wurin zama, Malam Wilson na Gangaren Tudu, tsohon malamin adabi, yana sanar da 'yan'uwa, maƙwabta, 'yan majami'a da duk wanda ya taɓa yin sallama a gidansu cewa ƙofar ƙarfen gidan ta rasu. Ta cika ranar Litinin da rana tsaka, bayan gajeriyar jinya, a hannun wasu masu walda da aka ɗauko daga Abuja. Ba tsufa ne ya kai ta ƙasa ba, ba kuma tsatsa ba. Taya ce ajalinta.

Marigayiyar ta shigo gidan ne ta hannun Magdalena, matar Malam Wilson, wadda ita ma ta riga mu. A wancan lokaci gidan gadon nasu ba shi da abin rufewa sai wani tsohon kwano da ake jinginawa, awakin unguwa kuwa sun mayar da lambun alayyafon Magdalena wurin karin kumallo. Ba ta yi shawara da kowa ba. Ta tafi wurin Ɗayyabu mai walda, ta zana masa abin da take so da tsinke a ƙasa: ƙyaure biyu, ƙaramar ƙofa a jikin na dama saboda masu tafiya a ƙafa, sai wani ƙarfe lanƙwasasshe a sama kamar baka, wanda ya haɗa ginshiƙan biyu. Ɗayyabu ya ce bakan nan ai ado ne kawai. Ta ce, “Malam Ɗayyabu, ni ma a gidan nan ado suke ɗauka ta. Ka cire ni ka ga yadda za su tsaya.”

Duk Kirsimeti sai ta shafa mata koren fenti da hannunta. Marigayiyar ta yi haƙuri da yaran da suka mayar da ita lilo, da 'yan siyasar da suka liƙa mata fuskokinsu, da rana, da ruwa. Ba ta taɓa hana baƙo shiga ba, ba ta kuma taɓa barin akuya ta wuce ba, bambancin da mutane da yawa suka tsufa ba su iya ba.

Amma abin da za a fi tuna ta da shi shi ne murya. Magdalena ba ta taɓa dawowa daga kasuwa hannu wofi ba, saboda haka da ƙugu take tura ƙaramar ƙofar. Sai ka ji “ƙiiii”, a ɗan tsaya, sannan “ƙau”. Malam Wilson yakan ɗago kai daga littafi, ya sa yatsa a shafin, ya yi kamar ba jira yake yi ba. Bayan an kai Magdalena ƙauye an binne, ƙofar ba ta daina ba. Idan iskar hadari ta taso takan yi “ƙiiii”, shi kuma ya ɗago kai. Ya san babu mai shigowa. Ya yi karatun da ya isa ya san haka. Duk da haka ya hana kowa ɗiga wa hinjin nan da take juyawa a kai ko ɗigon mai.

Dole a faɗi yadda ajali ya zo, ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba.

Malam Wilson yana da ƙane, Natan, wanda suke zaune a gida ɗaya, kowa da sashensa. Natan shi ne yaron da Malam Wilson ya sha wahalar koya wa inda ake ajiye aya a jimla, bai kuma koya ba. Yau Natan ɗan kwangila ne a Abuja. Idan ya shiga majami'a dattawa na matsa masa a benci; idan yayansa ya shiga, sai su tambaye shi yaya ƙafa. Matar Natan, Vera, tana nan da ranta da lafiyarta, tana zama kusa da mijinta a gaban mota. Malam Wilson ba ya yi mata fatan komai sai alheri. Yana dai gani.

A farkon daminar nan Natan ya shigo da wata baƙar jif, irin wadda kujerunta ke ƙamshin fata, aka ce an ƙera ta don hawa duwatsu da keta rafuka. Marigayiya ta buɗe mata hannu biyu, ta wuce lafiya lau, har da sauran sarari a sama. Da a nan aka tsaya, da yau ba a rubuta wannan sanarwa ba.

Sai Natan ya ce ƙafafun motar sun yi mata ƙanana.

Aka shiga shawara kamar za a naɗa sarauta. Kullum da yamma ana zagaye da motar a tsakar gida, ana nuna hotuna a waya. Abokansa na Abuja suka ce ya sa manyan rim masu ƙyalli, wato ƙarafan da taya ke hawa, da siririyar taya, ita ce ke ɗaukar ido a kan kwalta. Direbobin kasuwa suka ce a'a, taɓo bai san ƙyalli ba, taya mai kauri da zurfin haƙori ita ke fita. An tambayi fasto. An tambayi mai shayin bakin titi. Malam Wilson yana zaune a kujerarsa, tazarar tofa yawu daga wurin, ba wanda ya ce masa kanzil. Sau ɗaya Natan ya juyo ya ce, “Yaya, kai ai wannan ba fanninka ba ne, ko?” Malam Wilson ya ce, “Haka ne. Ni fannina labaran mutanen da suka samu fiye da abin da suke bukata, da yadda suka ƙare.” Aka yi dariya, an ɗauka wasa yake yi.

Natan, da yake bai saba zaɓar ɗaya ya bar ɗaya ba, sai ya haɗa duka: manyan rim da kuma taya mai kauri. Suka ƙi shiga mazauninsu, aka ɗaga jikin motar sama don su samu wurin juyawa. Safaya, tayar ko-ta-kwana, ma ta ƙi shiga wurinta na ƙasa, aka ɗora ta a kan kariya a rufin mota. Motar ta fito kamar wadda ta hau kujera tana neman abu a saman kabad. Vera sai an kama mata hannu take hawa. Natan ya aiko aka auna faɗin ƙofar gida, har sau biyu. Tsayinta kuwa ba wanda ya ɗaga ido ya duba.

Ranar da aka dawo da ita, tun daga kan kwana ake jin gurnanin tayoyin. Maƙwabta suka fito. Natan ya shigo yana ɗaga musu hannu ta taga. Gaban motar ya wuce, tsakiya ta wuce, safayar da ke sama ta gamu da bakan Magdalena. Marigayiya ta yi wata ƙara da ba a taɓa ji daga bakinta ba, “gwaram”, ginshiƙin dama ya biyo bakan ya sunkuya. Ashe ba ado ba ne.

Natan ya diro da gudu. Malam Wilson na so a rubuta wannan yadda ya faru: fentin motar ya fara dubawa.

Daga nan ta kwanta jinya. Ƙyauren dama ya riƙa jan ƙasa, sakata ta daina gane raminta. Ɗayyabu ya zo ya duba, ya ce za ta gyaru. Amma ko ta warke jif ba za ta wuce ƙarƙashin bakan ba, jif kuwa ba ta kwana a waje. Aka taru, aka yanke hukunci da rinjaye, domin a gidan gado mai mota yana da ƙuri'a fiye da mai littafi. Litinin aka kawo injin yanka ƙarfe. Da za a sauke ta, ƙaramar ƙofar ta buɗe da kanta ta yi “ƙiiii”. Ba ta kai ga “ƙau” ba.

An maye gurbinta da wata doguwar ƙofa mai launin toka, mai tafiya a kan layin ƙarfe, wadda ake buɗewa da rimot daga cikin mota. Ba ta ƙara ko kaɗan. Mutum zai shigo gidan ya fita ba wanda ya ɗago kai. Vera ta ce wannan shi ne ci gaba.

Marigayiya ta bar kwaɗo guda, wanda yanzu ba shi da abin riƙewa, da sakata, da ginshiƙin hagu, yana tsaye shi kaɗai a gefe domin an manta da shi, da rabin gwangwanin koren fenti, da mabuɗi a jikin jan zaren ulu da Magdalena ta kitsa. Ta kuma bar Malam Wilson, wanda tun Litinin yake karatu ba tare da abin da zai katse shi ba, ya kuma gane cewa ba littafin da ya taɓa so har haka.

An samu ɗan saɓani a kan gawar. Talata da safe sai ga 'yan gwangwan da kurarsu, Natan ne ya kira su. Malam Wilson ya ɗauko kujerarsa ya dasa a kan ƙyauren, ya buɗe littafi.

Natan ya ce, “Haba Yaya, ƙarfe ne fa.”

“Motarka ma ƙarfe ce, amma na ga kana share mata fuska da hankicinka.”

“To zama za ka yi a kai har yaushe?”

“Na yi ritaya, Natan. Ba inda za ni.”

Vera ce ta fito da tsumman hannu a kafaɗa, ta sallami masu kurar, ta tsuguna ta ce, “Yaya, faɗa mana, ina kake so a kai ta?”

Ya ce ƙauye. Maƙabartar dangi da ke bayan majami'ar ƙauyen an yi mata katanga, amma ba ƙofa, awaki na kiwo a kan kabarin matar da ta yi rayuwarta tana yaƙi da su. Kuma Asabar ɗin nan ce ranar tunawa da rasuwarta. Magdalena ta tafi ne a tsakiyar damina, lokacin da hanyar ƙauyen ke komawa kunu. Tsohuwar motar Malam Wilson ba ta wuce rafin farko. Tun da aka binne ta bai taɓa tsayawa a kan kabarinta a ranarta ba. Sai da rani yake zuwa, a makare, kamar mai ba da haƙuri.

Natan ya ce, “A wannan ruwan? Ai ba motar da za ta shiga can, sai...” Duk suka juya suka kalli tayoyin.

Malam Wilson ya karanta littattafai da yawa a kan masu girman kai, a cikinsu duka abin da suka yi taƙama da shi ne ke kunyata su a ƙarshe. Ya so ƙwarai a ce haka ta faru. Abin da ya fi ci masa rai a duk wannan rashi shi ne tayoyin nan za su shiga. Ya duba haƙoransu da idonsa. Za su shiga, su fita, ƙauye ya taru ya yi wa Natan tafi.

Ya rufe littafin ya ce, “A sauke safayar nan daga sama. Wurin gawa ne.”

Ga yadda jana'iza za ta kasance. Za a ɗauki marigayiya ranar Asabar da safe daga gida a Gangaren Tudu, a kan rufin motar da ta kashe ta. Safaya za ta zauna a gida ta yi tunani a kan abin da ta aikata. Ɗayyabu zai biyo mu da kayan aikinsa, ya miƙe bakan ya kafa ta a bakin maƙabarta. Masu waldar Abuja an yafe musu zuwa. Vera ta bar wa Malam Wilson kujerar gaba, ya karɓa, amma kada wanda ya tambaye shi ko da daɗi. An roƙi Natan kada ya yi wa mutanen ƙauye bayanin inci nawa ne rim ɗinsa sai an shafa addu'a. 'Yan zumuntar mata su zo da tufafin da ba sa tsoron koren fenti. Ba a bukatar furanni. Duk wanda aka gani da gwangwanin giris ko baƙin mai kusa da hinji, a bakin rafi za a sauke shi.

Idan an gama kafawa, ana roƙon jama'a su ja baya su yi shiru. Malam Wilson ne zai fara shiga. Zai riƙe kaya a hannu biyu, ya tura ƙaramar ƙofar da ƙugu. Shekara da shekaru shi ke ɗago kai idan ta yi ƙara. Wannan karon Magdalena ce a ciki, ita za ta ji an dawo.