Ranar da Baba Malam Ya Ba Ni Hannu

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a shekarar korona ba, kuma ko na so in manta, mutanen garinmu ba za su bar ni ba.

A lokacin ina aiki a sashen lafiya na ƙaramar hukuma, ɓangaren wayar da kan jama'a. Sunan ya fi aikin girma. Kullum da safe takardar sanarwa za ta iso da Turanci, in zauna in mayar da ita Hausa, sannan in shiga wata tsohuwar mota mai lasifika biyu a ka, ni da direbanmu Malam Habu, mu yi ta zaga garuruwa. Yau Getso, gobe Kara, jibi Unguwar Tudu, wata rana har mu dangana da iyakar Kabo. A wanke hannu da sabulu, a rage cunkoso, a daina musabaha, wanda ya ji zazzaɓi da tari ya garzaya asibiti. Na maimaita waɗannan kalmomi har na iya faɗarsu ina tunanin abin da za a ci da rana.

Abin da lasifikar ba ta taɓa faɗa ba shi ne, mai sanarwar ya fi masu sauraro tsoro. Kullum sai ka ji an ce wane ya rasu a birni, yawancinsu dattawa, ni kuma duk sanda na ji sai in taɓa goshina. Idan maƙogwarona ya ɗan yi ƙaiƙayi, shi ke nan, na fara tunanin wa zai riƙe min yara. Ina da wata 'yar kwalbar sanitaiza a aljihun gaba, ina shafawa idan na taɓa ƙofar mota, ina shafawa idan na karɓi biro, wani lokacin ma ban taɓa komai ba, tunawa kawai na yi. Tafin hannuna har saɓa ya fara yi. (Matata ta ce da ana shan abin nan da tuni na fara karyawa da shi.)

Su kuwa jama'a ko gezau. Mu wuce muna ta kwarmato, dattawa a gindin bishiya su ɗaga mana hannu, su ci gaba da hirarsu. Wani ya taɓa tsayar da mu ya ce, "Malam, ai wannan ciwon masu hawa jirgi ne, mu ko Kano sai mu shekara ba mu je ba." A garinmu kuma, wanda ba shi da nisa da Getso, an yi rasuwar tsofaffi biyu cikin mako guda. Ban san me ya kashe su ba, Allah ne masani. Abin da na sani, zaman makokin ya cika maƙil, duk wanda ya zo sai ya bi layi ya gaisa da kowa hannu da hannu, kuma mahaifiyata Inna tana cikin gidajen nan tun safe har yamma.

Ana nan sai shugabar sashenmu, Hajiya, ta tara mu. Ta ce lasifika ta yi iya yinta, mutane ba sa jin maganar mota, maganar malamansu suke ji. Ta ce a yankin garinmu an gaya mata idan Malam Sha'aibu ya ce a bari, to an bari, idan kuwa bai ce ba, ko shekara za mu yi muna ƙona mai a banza ne. Ta tambaya ko akwai wanda ya san hanyar da za a bi a same shi.

Ni da bakina na ce, "Ranki ya daɗe, ai Baba Malam ubana ne. A zaurensa na yi sauka, aminin mahaifina ne marigayi. Kalma ɗaya zan faɗa masa."

Kalma ɗaya! Har yau idan na tuna yadda na ɗaga yatsa ina faɗar haka sai in ji kunya ta kama ni. Hajiya ta ce alhamdu lillahi, to ranar Juma'a tana jiran labari mai daɗi, don za ta sa shi a rahoton da za ta aika sama.

Ranar Laraba muka kama hanya, tun a mota nake ta lissafi. Idan Malam ya ƙi, ba wanda zai sake sauraronmu a yankin, kuma za a ci gaba da cincirindo a gidajen makoki. Sai dai akwai abu ɗaya da ya kwantar min da hankali: batun musabaha ba zai taso ba. A wajenmu ɗalibi ba ya gaisawa da malaminsa hannu da hannu. Takalmi za ka cire tun daga waje, ka durƙusa can nesa, ka sunkuyar da kai ka kwashi gaisuwa. Shekara talatin da wani abu ina gaida Baba Malam, ban taɓa sanin laushin tafin hannunsa ba, sai dai zafin bulalarsa. Har na ce wa Malam Habu, "Ka ga tarbiyyarmu ta gargajiya ma ba da tazara ce." Ya ce, "Haka ne," ya ci gaba da kauce wa ramuka.

Mun shiga gari bayan la'asar. Don a san gwamnati ta iso, na ɗauki makirfo na karanta sanarwar ranar tun daga bakin kasuwa har ƙofar gidan Malam, na kuma maimaita "a daina musabaha" sau uku da murya mai kauri. Na fito da takunkumi a fuska, da rigar aiki mai ƙyalli a kan kaftanina, da takarda a hannu.

Zauren cike yake. Ga liman, ga mai unguwa, ga dattawa sun fi goma sha biyar a kan tabarmi, yawancinsu sun san ni tun ina yawo ba wando. Baba Malam yana kan buzunsa, ya tsufa sosai, ya miƙe ƙafa ɗaya saboda ciwon gwiwa. Na cire takalmi, na durƙusa daga bakin ƙofa.

"Allah ya gafarta Malam, barka da yamma. An wuni lafiya? Ya ƙarfin jiki? Ya haƙurin waɗanda muka rasa?"

Ya ƙura min ido ta saman tabarau. "Wane ne wannan a cikin takunkumi?"

Liman ya ce, "Ɗan marigayi Malam Isa ne, na ƙaramar hukuma."

Fuskar Malam ta washe. "Ikon Allah! Kai ne muryarka ta cika gari? Matso, matso nan." Na matsa kaɗan. "Matso mana." Na ƙara matsawa. Sai ya dubi jama'a ya ce, "Yau ba ɗalibi ne ya zo ba, baƙon hukuma ne. Da Isa yana raye da ya yi alfahari." Yana gama faɗar haka ya miƙo min hannunsa na dama.

Ban san tsawon lokacin da hannun nan ya yi a iska ba. Dattawan suna kallo, wasu suna murmushi, don sun san abin da ake yi min: girma ne da ba a taɓa ba ni ba, kuma a gaban manyan gari. Ni kuwa kaina ya ɗauki zafi. In ƙi karɓa, na wulaƙanta malamina. In karɓa, ni ne yanzun nan na gama cika gari da "a daina musabaha." Kafin in yanke shawara jikina ya yanke, na sa hannu biyu na kama nasa, na sunkuyar da kai. Ya riƙe ni ya daɗe yana sa min albarka, ana ta cewa amin.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Yana sakina na ja da baya na zauna, ina neman inda zan fara magana. Sai na ji wani ɗan ƙara, ƙwas. Sannan na ji sanyi a tafin hannuna. Na duba, sai ga ni riƙe da kwalbar sanitaiza, na matsa, ina murzawa. Ba murzawar wasa ba, irin wadda nake koya wa mutane: ciki da baya, tsakanin yatsu, har da babban yatsa daban. Wallahi ban san lokacin da na ciro ta ba. Ƙamshin abin ya gauraye zauren, kuma duk idon da ke wurin yana kan hannuna.

Wani tsoho a gefe ya ce a hankali, amma yadda kowa zai ji, "Ashe mun zama ƙazanta."

Mai unguwa ya ce, "Subhanallahi."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na yi sauri zan mayar da kwalbar aljihu, ta suɓuce saboda santsin hannu, ta gangara ta tsaya daidai gefen buzun Malam. (Malam Habu, da ke tsaye a bakin ƙofa, sai ya ga ya dace ya je ya duba tayar mota.)

Baba Malam bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki kwalbar, ya juya ta, ya ajiye. Ya ce, "Faɗi abin da ya kawo ka."

Na faɗa. Jawabin da na shirya na rabin awa ya ƙare cikin minti uku, gumi na bin cikin takunkumi. Na ce ciwon yana bin hannu da numfashi, ya fi kayar da tsofaffi, muna roƙon Malam ya yi wa jama'a magana a rage musabaha da cunkoson makoki.

Ya ce, "Daga ina kake yau?"

"Da safe na biya asibiti, Allah ya gafarta Malam, daga nan kasuwa, sai garuruwa uku."

"Ni kuwa tun da gwiwar nan ta matsa min, daga zauren nan sai masallaci. To tsakanina da kai, wa ya fi kusa da ɗauko ciwon nan?"

"Ni ne."

"Wa kuma ka ce ya fi kayarwa?"

Na ce, "Tsofaffi."

Ya gyaɗa kai. "To ka gani, ɗana. Da kafin ka kama hannuna ka shafa, da ni ka yi wa. Yanzu kuwa kanka ka yi wa."

Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi min sauƙi. Maganar ta shige ni sosai, don gaskiya ce tsagwaronta. Wata guda ina yawo ina cewa a kare tsofaffi, amma ko sau ɗaya ban taɓa tunanin ni ne abin gudu ba. Malam ya miƙo min kwalbata ya ce, "Tashi ka je, mun ji. Za mu duba."

Ba mu fita daga gari ba Inna ta kira. "Kai, me nake ji? Ka gaisa da Malam ka wanke hannunka? A gaban mutane? Ni ka rufa min asiri, ina zan sa fuskata a gidan makoki gobe?" Na ce mata ai gidan makokin ne ma ba na so ta je. Ta kashe wayar.

Kwana biyun nan ban ji daɗin abinci ba. Ga Hajiya tana tambaya ina "kalma ɗaya," ina ce mata ana kan magana. Ga wani sabon tsoro da ya danne na da: idan na kai wa tsohon nan ciwo fa? Na daina taɓa goshina, na koma kiran liman safe da yamma ina tambayar ko Malam ya yi tari, har ya gaji ya ce, "Malam lafiyarsa ƙalau, kai ne dai ba ka da lafiya."

Ranar Juma'a da hantsi Inna ta sake kira, ta ce in yi shiru in saurara, ta ɗaga wayar sama. Lasifikar masallaci ce, kuma muryar Baba Malam ce da kansa. Ya ce daga yau a yi sallama a sa hannu a ƙirji, ya wadatar. Masu ta'aziyya su yi addu'a su wuce, ba sai an zauna ba. Masu zuwa birni da kasuwanni kuma su wanke hannu da sabulu kafin su shiga wurin iyayensu. Ya ce, "Kafin, ba bayan ba. Wanda bai gane bambancin ba ya tambayi ɗan marigayi Malam Isa na ƙaramar hukuma, shekaranjiya ya gane."

Gari guda ya ji, har ƙauyukan gefe. Kafin yamma an ajiye bokiti da sabulu a ƙofar masallaci, Inna kuma ta zauna a gida. Hajiya ta yaba min a gaban ma'aikata, ta ce a yi koyi da yadda nake mu'amala da manya. Na sunkuyar da kai kamar mai tawali'u. Malam Habu ya bari sai da ta gama sannan ya ba su labarin tun daga farko, har da gangarawar kwalba.

Baba Malam bai kamu da komai ba, Allah ya kiyaye, sai da na ƙirga kwana goma sha huɗu cif sannan na yi numfashi. Abin da na koya shi ne, duk wanda zai ɗauki lasifika ya ce a kiyaye, ya fara tambayar kansa wa yake karewa, don in bai tambaya ba akwai tsohon da zai tambaye shi a gaban jama'a. Ciwon ya wuce, an koma musabaha. Amma har yau idan na je garinmu, dattijo zai miƙo min hannu, sai na kawo nawa ya janye ya ce, "Tsaya tukuna, ka shafa ne ko sai an gama?"

Ni kuma in ce, "Na shafa tun daga gida, Baba."